Na je Holan sayen inji, na ɓuge da bin sawun wata takarda

Sana'ata ɗab'i ce. Ina da ɗan shago a Kano inda muke buga katin biki, kalanda, rasit, littattafan Islamiyya, da fastocin 'yan siyasa idan kakarsu ta kama. Injin da muke aiki da shi ya tsufa har bakanike ya fi ni cin moriyarsa. Shi ya sa da wani dillalin tsofaffin injuna a ƙasar Holan ya turo mini hotunan wata na'urar bugu ƙirar Heidelberg mai kala biyu, na ce ba zan tura kuɗi a kan hoto ba, sai na je na ji ƙararta da kunnena. Dalilin da na rubuta a takardar neman biza ke nan. Akwai na biyu da na bari a cikina, don in na rubuta shi dariya za su yi.

Tun muna ɗalibai a sashen ɗab'i, malaminmu ya taɓa raba mana takardar darasi a kan tarihin bugu. A wani shafi akwai hoton mutum tsaye jikin taga yana karatu, an rubuta a ƙasa cewa Rembrandt, shahararren mai zanen Holan, shi ne ya zana shi a kan farantin jan ƙarfe a 1647, kuma sunan mutumin Jan Six. Takardar ta sha injin kwafi har ba a ganin komai sai baƙi ƙirin da wani fari mai kusurwa huɗu. Malam ya ce mana farantin da aka buga hoton da shi yana nan har yau a hannun zuriyar mutumin. Mu da muke tattara farantanmu na alminiyam mu sayar wa masu narka tukwane da an gama aiki, maganar ta zauna mini a rai.

Neman biza ya kai ni Abuja. Na bi mota daga Kano zuwa Kaduna, muka sha shingayen jami'an tsaro da ratse inda ake aikin titi, daga Rigasa kuma na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, don hankalin iyali ya fi kwanciya da shi. Takardun banki, rajistar shago, wasiƙar gayyata daga dillalin, inshorar lafiya, hoton yatsu, duk aka karɓa aka ce na koma gida na jira. Jiran ba shi da labari, sai duba waya.

Da fasfo ya dawo, na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Legas. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan ba mu labarin zamanin da jirgin KLM ke sauka a Kano, mutum ya hau daga gida ya sauka Amsterdam. Sai a 2012 suka daina zuwa. Yanzu Bakanon da zai hau KLM dole ya fara yin kudu kafin ya yi arewa, ya biya kuɗin jirgi biyu da na abincin Legas a tsakani. Da dare muka tashi, cikin barci muka ƙetare Sahara, gari na wayewa muka sauka a Schiphol, filin jirgin Amsterdam.

Jami'in shige da fice, wani matashi da bai wuce sa'ar ƙanena ba, ya juya fasfona gaba da baya, ya nemi tikitin komawa da adireshin masauki da shaidar guzuri. Na ƙara masa da hoton injin a waya, ya duba kamar ya san kan abin, ya buga hatimi. Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin take. Yuro 5 da 'yan kai na biya zuwa tsakiyar gari, tafiyar da ba ta kai minti 20 ba. A nan na fara ciwon da bai sake ni ba har na dawo, wato lissafi. A lokacin Yuro ɗaya ya haura Naira 1,500, don haka kofin shayi kuɗin cefanen yini ne, kuma bayan gida ma a tasha sai ka biya kafin ƙofa ta buɗe.

Masaukina a Bijlmer yake, unguwar dogayen benaye a kudu maso gabashin Amsterdam, inda mutanen Ghana da na Suriname suka yi yawa. Wani abokin ciniki ne ya haɗa ni da wani dattijon Alhaji ɗan Zangon Kumasi da ya daɗe a can yana aiki a rumbun kaya. Ina fitowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa na ji an yi mini sallama da Hausa, na ga farar hula a tsakiyar Turai, gajiyar duk ta sauka. Hajiyarsa ta tarbe ni da wake da shinkafa irin na Ghana, mai jan launi, da yaji mai kifi da dafaffen ƙwai. Da daddare kuma tuwo da miyar ayoyo. Abin da ya wahalar da ni shi ne rana. A watan Yuni ne, magariba sai wajen ƙarfe 10, isha kusan 12, asuba kuma tun wajen 3 ta yi. Ka kwanta da haske ka tashi da haske, cikinka bai san lokacin cin abinci ba.

Maganar inji ba ta da tsawo. Jirgin ƙasa ya kai ni wani ƙaramin gari, muka ratsa filaye shimfiɗaɗɗu da shanu baƙi da fari, ba tudu ko na tururuwa. Dillalin ya tayar da injin, na saurara, na duba silinda da robobi, muka ja ciniki, muka shirya. Saura kwanaki kafin jirgin komawa, kuma su na tanadar wa dalili na biyu.

Da na faɗa wa Alhaji inda za ni, sai ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Malam, ka baro Kano, ka ƙetare hamada, don ka ga takarda? Ni shekara nawa a garin nan ban taɓa shiga gidajen nan ba. To ma ya hukuncin hoton?" Na ce, "Alhaji, mutumin da ya buga fuskar ɗan takara dubu hamsin a dare ɗaya, ai ba daga wannan za a fara yi masa tambaya ba." Ya yi dariya har da tari, ya ce zai raka ni.

Gidan Rembrandt yana kan titin Jodenbreestraat, lamba 4. Alhaji na ganin kuɗin shiga, kusan Yuro 20, ya ce zai jira ni a kasuwar gwanjo ta Waterlooplein da ke bayan gidan. Rembrandt ɗan garin Leiden ne, an haife shi a 1606. Ya sayi gidan nan a 1639 kan gilda 13,000, kuɗin Holan na da, lokacin da sunansa ke tashe, bai kuma taɓa gama biya cikin daɗin rai ba. A 1656 ya karye, hukuma ta shigo ta bi ɗaki ɗaki tana rubuta duk abin da ya mallaka don a yi gwanjonsa a biya masu bashi. A 1658 gidan ya fita daga hannunsa. Abin mamakin shi ne wannan takardar tonon asiri ita ce ta yi wa gidan rana daga baya. Da ita masu gidan tarihin suka san me ke cikin kowane ɗaki, suka mai da shi yadda yake: gadon da yake kamar kabad, kwalkwali da masu, ƙahoni da bawon dodon koɗi na ƙasashen nesa da ya riƙa saye yana tarawa.

Inda na daɗe shi ne wurin da wata mata ke nuna yadda ake bugun. Za a shafe farantin jan ƙarfe da wani haɗi mai kaki, a zana da allura ta yadda ƙarfen zai bayyana a inda allurar ta bi, a tsoma a ruwan asid ya ci layukan. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman da ƙyalle, a ƙarasa da gefen tafin hannu. Sai a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a rufa da bargo, a murza cikin injin katako mai hannuwa kamar tauraro. Kowane kwafi sai an sake shafawa an sake gogewa. Na yi lissafin cewa kafin ta fitar da ɗaya, yarona ya fitar da ɗari biyar. Ta ƙara da cewa Rembrandt ba ya tsayawa a asid, yakan karci ƙarfen kai tsaye da allura, karcin ya tayar da ɗan gefe mai riƙe tawada, shi ke ba da baƙin nan mai laushi. Amma gefen ba ya jure matsa, bugu kaɗan ya kwanta. Nan na fahimci dalilin da kwafi biyu daga faranti ɗaya, wani ya sayi gida, wani ko keke ba zai saya ba.

Na tambaye ta ina farantan suka tafi bayan mutuwarsa a 1669. Amsar ta yi tsawo, kuma ba ta da daɗi. Wani mai sayar da bugun zane a Amsterdam, Clement de Jonghe, an sami 74 a cikin kayansa a 1679. Daga nan suka yi ta sauya hannu, suka ƙetara Faransa, suka shiga hannun wani mai tara zane, Watelet, sannan dillalin bugun zane Basan da ɗansa, waɗanda suka riƙa bugawa suna haɗawa kundi-kundi suna sayarwa. In layi ya dushe sai a sa wani ya sake bi da ƙarfe. A 1938 wani lauya Ba'amurke, Robert Lee Humber, ya saye abin da ya rage ya kai jihar North Carolina, a 1993 kuma aka sayar da su suka watsu, gidan nan ma ya sami kaɗan. Na Jan Six bai bi wannan ayarin ba. Wanda aka zana shi ya riƙe farantin, bai shiga kasuwa ba balle a tatse shi. A 2017 ne iyalin suka ba da aronsa, aka baje shi a gidan nan tare da zanen share fage da kwafin matakai daban-daban, a wani nuni da aka shirya kan hoton da abotar mutanen biyu. Na makara da shekaru.

Na iske Alhaji ya sayi tsohuwar rediyo da jaket. Ya ja ni wata rumfa ya ce sai na ɗanɗana abincin 'yan ƙasa: ɗanyen kifi mai gishiri da yankakkiyar albasa. Na rufe ido na haɗiye rabi don kada na kunyata shi, shi kuma ashe bai taɓa ci ba, ni yake son ya gani. Muka wanke baki da soyayyen dankali a shagon wani Baturke.

Washegari na nufi Rijksmuseum, babban gidan tarihin ƙasar. Wanda ya shiga da tikiti yana neman hoton nan a bango zai iya fita bai gan shi ba. Haske yana cin takarda, don haka irin waɗannan a akwati suke kwana, a fito da su 'yan watanni a mayar. A 2019, cikar shekara 350 da rasuwar Rembrandt, sun fito da abin da suke da shi nasa gaba ɗaya: zanen fenti 22, na alƙalami 60, da bugu sama da 300 da suka zaɓa daga cikin kimanin 1,300. A sauran lokuta sai ka nemi izinin shiga ɗakin nazari. Tun ina Kano na rubuta musu na faɗi sana'ata da abin da nake son gani, suka ba ni rana. Jaka a kabad, biro ma a kabad, fensir kaɗai ke shiga.

Wata ma'aikaciya ta kawo kwali biyu ta ajiye a gabana. Abu na farko da ya ba ni mamaki ƙanƙantarsa: bai kai takardar A4 ba. Na biyu, abin da na ɗauka baƙi ne tun ina ɗalibi ashe ɗaki ne cike da kaya. Ga Six ya jingina da taga ya ba haske baya, wuyan rigarsa a buɗe, ya sunkuyar da kai kan wasu takardu da ya riƙe da hannu biyu. Hasken ya biyo ta gashinsa, ya faɗa kan takardun, ya dawo fuskarsa. A gefe ga kujera da tulin littattafai, can baya ga mayafinsa da takobi an ajiye, ga wani zane a bango da labule ya rufe rabinsa. Na ciro ɗan madubin da nake duba ɗigon kala da shi a shago. Baƙin da muke bugawa shafe ne, ko ɗigo. Wannan layuka ne sirara kamar gashi, wasu kan wasu, sun gitta juna ta kowace fuska, kuma a tsakaninsu takardar tana leƙowa. Shi ya sa duhun yake da zurfi, ido na shiga ciki yana samun abu.

Ɗayan kwafin takardarsa ta yi ruwan ƙwai, tana ɗan sheƙi. Ta Japan ce. A shekarun nan Holan kaɗai ce cikin Turawa Japan ta yarda ta yi ciniki da ita, ta wani ɗan tsibiri a Nagasaki, kuma a daidai 1647 Rembrandt ya fara bugu a kan irin takardar. Ɗayan kuma a ƙasansa an rubuta sunan Six da shekarunsa, 29, da sa hannun Rembrandt da shekarar. Ba lokaci ɗaya aka buga su ba. Yakan buga kaɗan, ya duba, ya koma kan farantin ya gyara, ya sake bugawa, kuma masana sun bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya sun ba su lamba.

A teburin da ke kusa da ni akwai wani tsoho, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda madubina ya ja hankalinsa. Da muka fito shan shayi ya ce mini, "Kai gaban kake kallo. Mu bayan muke fara dubawa." A bayan irin waɗannan takardu akwai ƙananan hatimai da sa hannu da lambobin fensir, kowane mai tarawa da alamarsa. Wani ɗan ƙasarsu, Frits Lugt, ya tattara alamomin nan dubbai ya buga kundinsu a 1921, ya ƙara wani a 1956, har yau da shi ake aiki. In an ga alamar wane, an san takardar ta kwana a gidansa, an san ranar da aka yi gwanjon kayansa da wanda ya saya. Na ce masa mu ma muna da irin wannan ilimin, sai dai a kan magana muke yin sa: malaman hadisi ba sa karɓar zance sai sun ji wane daga wane daga wane, in aka sami giɓi ko maƙaryaci a tsakani daraja ta faɗi. Ya ce to haka farashi yake faɗuwa a nan.

Ya jero mini salsalar tarin gidan. Ginshiƙinsa na wani attajirin Leiden ne, Pieter Cornelis van Leyden, wanda ya rasu a 1788. Sarki Louis, ƙanen Napoleon da aka ɗora wa Holan, ya saye tarin a 1807. Da Faransa ta haɗiye ƙasar, aka kwashi na kirki zuwa Paris, bayan faɗuwar Napoleon aka dawo da akasarinsu, a 1816 aka kawo su Amsterdam. A 1961 kuma wasiyyar wani ɗan kasuwa, Isaac de Bruijn, da matarsa, waɗanda suka zauna a Suwizalan, ta ƙara wa gidan kwafi masu kyan gaske. Sai ya ba ni labarin maƙaryacin da ke cikin salsala. A Landan, wani mai zanen barkwanci, Robert Dighton, ya saba da mai kula da ɗakin bugu na British Museum har aka daina sa masa ido. Ya riƙa zare bugun Rembrandt yana fita da su cikin jakarsa, yana sa musu alamun ƙarya a baya yana sayarwa. Asirinsa ya tonu a 1806, da wani dillali ya sayi ɗaya daga hannunsa, ya je gidan tarihin don ya gwada shi da nasu, ya tarar nasun babu.

Shi kansa hoton Six, in ji tsohon, tun da wuri ya zama abin farauta, domin ba don kasuwa aka yi shi ba, mai shi ne yake raba wa abokai. An yi gwanjon kayan Jan Six a 1702, na ɗan ɗan'uwansa Willem Six kuma a 1734, inda kwafi da dama na hoton suka fita lokaci ɗaya. Gersaint, dillalin Paris da kundinsa na bugun Rembrandt ya fito a 1751, ya sa shi cikin masu wuyar samu. Adam Bartsch na Vienna ya ba shi lamba 285 a 1797, kuma har gobe in ka ce wa dillali lambar nan ya san abin da kake nufi.

Saura gidan su Six, lamba 218 a bakin kogin Amstel. Shiga kyauta ne, amma sai da alƙawari, mutum kaɗan ake ɗauka da safe a ranakun aiki, kuma layin yana da tsawo. Na sa suna tun ina gida, na fid da rai, sai ga saƙo cewa wani ya fasa. Daga waje ba abin da zai nuna maka akwai dukiya a ciki. Gida ne na zama, iyalin suna sama, ba a ɗaukar hoto. Sun dawo nan ne a 1915, da aka rushe tsohon gidansu na Herengracht don faɗaɗa titi.

Asalin arzikinsu rini ne da saƙar siliki, abin da ya sa na tuna karofin Ƙofar Mata ina tsaye kan darduma a Amsterdam. Mahaifin Jan ya rasu kafin a haife shi a 1618, mahaifiyarsa Anna Wijmer ce ta riƙe sana'ar, hotonta na nan a bango. Shi ɗan bai damu da baba da turmi ba, waƙa da wasan kwaikwayo da tara zane ya sa gaba. A zanen farko da Rembrandt ya gwada, ya tsayar da shi da kare yana dafa shi, kamar ɗan sarauta mai farauta. Aka cire karen aka ba shi takardu. Na san irin wannan abokin ciniki, wanda zai ce a cire masa mota a bayan hoto a sa kantar littattafai.

A ɗakin da ke kallon kogi babban zanen fenti na 1654 yake: Six da toka-tokar riga, jan mayafi mai ado ruwan zinariya a kafaɗa ɗaya, yana sa safar hannu kamar zai fita, amma hankalinsa na wani wuri. An kai shi Rijksmuseum aro a 2015 don nunin ayyukan ƙarshen rayuwar Rembrandt, ya dawo ƙusarsa. Tun 2008 akwai yarjejeniya da gwamnati, tana taimakawa da kuɗin kula da gidan, su kuma suna buɗe wa jama'a. Kada a ɗauka ba su taɓa sayar da komai ba. Shahararren zanen Vermeer, wani babban mai zanen Holan, na mace mai zuba madara daga hannunsu ya koma Rijksmuseum a 1908, na ɗan titin Delft ya fita a 1921, a 1928 ma an yi babban gwanjo. Haraji da rabon gado ba su bar kowa ba. Amma abin da ya shafi kakansu na farko sun riƙe.

Ina kallon zanen ina tuna abin da na karanta a gidan Rembrandt, sai na ji wani iri. A 1653 Six ya ranta wa abokinsa gilda 1,000. Da al'amura suka fara lalacewa, sai ya sayar wa wani takardar bashin, mutumin da ya tsaya wa Rembrandt lamuni kuma ya shiga uku. A 1655 ya auri 'yar Nicolaes Tulp, babban likita kuma jigo a mulkin gari, hoton amarya kuma aka ba Govert Flinck, tsohon almajirin Rembrandt. Six ya zama magajin garin Amsterdam a 1691, ya rasu a 1700. Rembrandt a kabarin haya aka binne shi a cocin Westerkerk. Ba na ganin laifin zuriyar, su riƙo suka yi, kuma sun iya. Amma duk mai sana'ar hannu da ya taɓa abota da mai kuɗi ya san inda labarin nan yake ciwo.

Da aka zo ƙarshen zagaye na tambayi mai yi mana jagora farantin. Ta ce yana cikin gidan, a adane, amma ranar ba a fito da shi ba. Wata Ba'amurkiya da ke cikinmu ta taya ni jimami fiye da yadda ni na ji. Na fito na sami benci a bakin kogin, kekuna na wucewa ta gabana kamar za su ɗebe mini ƙafa, na ci burodi da cuku da Hajiya ta ƙunsa mini.

Daren tafiya Alhaji ya cika mini jaka da saƙon 'yan'uwa da za a tura Kumasi daga Kano, har sai da na biya kuɗin ƙarin nauyi a Schiphol. Legas ta tarbe mu da ruwan sama da layin kaya, jirgin Kano ya yi jinkirin da ya saba. Injin kuwa ta ruwa ya biyo, kuma abin da na kashe kafin ya fito daga tashar Apapa ya kusa kuɗin sayensa, wannan labari ne na wata rana. Kwana biyu da dawowata yaron masu tukwane ya leƙo shago da sikelinsa, ya tarar farantai sun taru a bayan ƙofa tun kafin na tafi. Na ɗan jujjuya su, na ga rasit ɗin wani gidan mai, katin bikin da aka riga aka yi suna, da fuskar wani ɗan takarar kansila da ya faɗi. Na ce ya auna. Kilo ma ya ƙara kuɗi.